Billen Inna



Hoton Babanmu guda ɗaya tak muke da shi a duniya. Ɗan ƙarami ne, bai fi faɗin yatsu biyu ba, manne a jikin katinsa na aiki tun yana reluwe a nan Zariya. Wanda ya buga hatimi a katin ya yi aikinsa yadda aka koya masa, rabin hatimin a kan takarda, rabi a kan hoto, don kada wani ya ɓamɓare ya liƙa nasa. Sai dai rabin da ya hau hoton ya sauka daidai a kan idon Baba na hagu da kuncinsa. Shekara tara ke nan da rasuwarsa, Allah Ya jiƙansa da rahama, kuma ban taɓa damuwa da hatimin nan ba, don ni na san fuskar ubana. Sai ranar da ɗana, wanda aka haifa bayan rasuwar, ya ɗauki katin ya ƙura masa ido, ya ɗago ya ce, "Mama, ashe Kaka ido ɗaya gare shi?"

Kowa ya yi dariya, har da ni. Amma da dare na kasa barci. Na ɗauko waya na shiga neman hotunan Inna, ita da take raye, muna tare kullum a gidanmu na Muciya. Wallahi na fi awa ina ja. Ga ta nan a bikin wance, amma a can gefe, rabin jikinta ya fita. Ga ta a sunan wane, ta kare baki da mayafi. Ga wani ta juya za ta tsawata wa yaro, fuskar ta yi dishi-dishi. Waɗanda ta kalli kyamara sosai su ne na katin zaɓe, na katin ɗan ƙasa da na banki, kuma kun san yadda waɗannan suke, kamar an kama mutum da kayan sata an ce ya tsaya. Mace ta doshi shekara saba'in, ta haifi takwas ta raini jikoki, amma ba ta da hoto ɗaya da za a nuna wa na baya a ce wannan ita ce.

Da safe na same ta tana tsince wake a faifai. Na ce, "Inna, so nake mu je a ɗauke ki hoto."

Ba ta ko ɗago ba. "Wane katin kuma suka fito da shi?"

Na ce ba na kati ba ne, na ajiya ne.

Sai ta ajiye faifan ta dube ni. "Auta, wanda za ku sa a waya ku rubuta innalillahi a ƙasansa? To ku bari in mutu mana, gaggawar me kuke yi?"

Abin da ya hana ni ba ta amsa nan take shi ne akwai ƙamshin gaskiya a maganarta. Duk wanda ya ce zai ɗauki tsohonsa hoton ajiya, a can ƙasan ransa ya san me yake wa tanadi, ko da bai faɗa ba. Na ce mata ba wanda ya san gawar fari, ta yiwu ma ita za ta riƙa kallon nawa. Ta ce Allah Ya kiyaye, in daina faɗin haka. Sai na ba ta labarin tambayar da jikanta ya yi. Ta yi shiru, ta ci gaba da tsintar wakenta. Can ta ce, "Sai ki faɗa wa babban yayanku."

Yaya Babba kuwa, wanda Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba saboda ɗan fari ne, ya kawo tasa maganar, ta rataye hoto a ɗaki da shigar mala'iku. Ni ba malama ba ce, ban zo nan ba da fatawa ba, kowa ya san malamai sun yi saɓani a kan hoton kyamara. Abin da muka tsayar a gida shi ne ba za a rataye shi a bango ba, a albam zai zauna, kuma ba mai sa shi a Facebook ko a sitatus. Ya ce in dai haka ne ba shi da ta cewa.

To daga nan ne na tafka kuskurena, kuma shi ne dalilin wannan rubutu.

Ni a tunanina shirin ɗaukar hoto shi ne a ƙawata mutum. Na shiga kasuwar Sabon Gari na yanko leshi mai duwatsu, irin mai ƙyalli, na kai wa tela na ce ya yi sauri. Na kira wata yarinya mai kwalliyar amare ta zo gida. Ta shafa wa Inna hoda wadda ta fi fatarta haske, ta zana mata gira, ta sa mata jan baki, ta naɗa mata ɗauri mai hawa-hawa har sai da ta ce kanta na sarawa. Duk Inna ba ta ce uffan ba. Na ɗauka jin daɗi ne ya sa ta yi shiru, ashe kara take yi mini, tana ganin kuɗin da na kashe.

Da tsakar rana muka tari Keke Napep daga Muciya, muka bi ta Kwangila muka miƙe hanyar Samaru, inda aka ce mini masu hoton zamani suke, saboda ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da ke zuwa ɗaukar hoton kammala karatu da masu hoton kafin aure. Kafin mu isa gumi ya fara tsaga hodar. Muka tarar da layi, wasu 'yan mata huɗu suna canja kaya kala-kala. Muka zauna jira, aka ɗauke wuta, aka tsaya tada janareto. Lokacin da aka zo kanmu Inna ta gaji, gwiwarta ta fara ciwo, azahar kuma tana neman wucewa. Aka ɗora ta a wata kujera mai ruwan zinariya kamar karagar mulki, ƙafafunta ba su ko taɓa ƙasa sosai ba. Fitilu biyu masu lema suka haske ta. Yaron mai hoto yana ta cewa, "Mama ki yi murmushi, Mama ki buɗe haƙora." Matar da goro ya rina wa haƙora, biyu sun faɗi, kuma tun tasowarta ba ta saba yi wa baƙon namiji dariya ba. Minti goma aka gama.

Bayan kwana uku ya turo ta WhatsApp. Zan faɗi gaskiya ko da za ku zarge ni: da na buɗe, daɗi na ji. Wata hajiya na gani fara sol, fuska sumul ba tamoji ko ɗaya, kamar matar wani minista. Na ruga na kai wa Inna. Ta karɓi wayar, ta nisanta ta da idonta yadda take yi, ta duba da kyau, ta ce, "Masha Allah. 'Yar gidan wa ce?"

Ba wasa take yi ba. Da na ce ita ce, ta sake dubawa, ta kai yatsa kan kuncin matar da ke cikin wayar, sannan ta kai kan nata.

"Ina billena?"

Sai a lokacin na lura. Inna tana da bille a kuncin hagu, ya taso daga gefen hanci ya gangaro, da 'yar baka a gefen bakinta. Wanzami ya yi mata tun tana jaririya a ƙauyensu da ke wajen Giwa. Irinsa ne a fuskar mahaifinta da duk 'yan gidansu. Na girma ina kallon billen nan har na daina ganinsa, shi ya sa da aka goge shi ban ankara ba. Ita kuwa shi ta fara nema. Ta miƙo mini wayar ta ce, "Ki ajiye abinki, ya yi kyau. Amma ko Innata ta dawo duniya ba za ta gane wannan ba."

Kada wani ya ɗauka kira nake a koma tsaga wa jarirai fuska. Mu takwas ba wanda aka yi wa, Baba ne ya hana, kuma dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta haramta shi. Al'ada ce da ke ƙarewa, ni ban yi kukan ƙarewarta ba. Amma wanda aka riga aka yi wa, ya rayu da shi shekara saba'in, da shi aka aure ta, da shi ta yi goyo, ai ya zama fuskarta. Kuma tunda ita ce ta ƙarshe mai ɗauke da shi a zuriyarmu, shi ne ma abin da ya fi cancanta jikoki su gani.

Na koma Samaru da faɗa a bakina, na dawo da kunya. Yaron ya ce, "Anti, wallahi kowa haka yake so. In ban goge ba, in ban ƙara haske ba, sai a ce ban iya aiki ba, a tafi wurin wani." Ya buɗe mini na asali, wanda bai taɓa ba. Billen yana nan, amma hoda ta cike shi, girar ba tata ba, ɗaurin ba nata ba, idonta kuma na mai jiran a sallame ta ne. Ashe kafin kwamfuta ta goge Inna, ni na riga na goge rabinta tun daga gida. Shi ƙarasawa kawai ya yi. Ban kuma gaya masa komai ba kafin ya fara, ban ce ga abin da nake so ba, ga wanda ba na so. Na biya kuɗi na zauna ina danna waya.

Wata biyu ban sake tada maganar ba.

Wata abokiyar aikina a makarantar da nake koyarwa ce ta haɗa ni da wani mai hoto, wanda ya yi karatu a sashen zane-zane na jami'a. Na kira shi na zayyana masa abin da ya faru, na tambayi kuɗinsa da ranar da za mu zo. Ya ce ba za mu zo ba, shi zai zo, kuma zuwan farko ba zai riƙo kyamara ba, gaisuwa kawai zai zo yi. Na ce a raina wannan dai salon ƙara kuɗi ne. Kuɗin nasa kuwa ya fi na farko, sai da na haɗa da adashina.

Ya zo ranar wata Asabar bayan la'asar. Yaya Babba ya shigo da shi, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaida Inna, aka shimfiɗa masa tabarma. Ya sha kunun zaƙi, yana hira yana kallon tsakar gida, inda rana ta faɗa da inda inuwa ta kwanta. Can ya ce, "Hajiya, an taɓa ɗaukar ki hoton da kika gani kika ji daɗi?"

Na buɗe baki zan ce a'a, sai na ji Inna ta ce, "Sau ɗaya."

Labarin da ban taɓa ji ba ke nan, ni da nake ganin na san komai nata. An kawo ta Muciya amarya a shekarar da aka canja kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo, wato 1973, da haka take lissafin aurenta. Bayan shekara biyu, da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji a 1975, Baba ya sayi rediyo da keke, kuma wata ranar Lahadi ya ce ta shirya. Ya kai ta wurin wani Bayerabe mai hoto a cikin Sabon Gari, don a lokacin yawancin masu wannan sana'a a unguwar Yarbawa ne da Ibo. Ta ce mutumin ya zaunar da ita, ya tsayar da Baba a bayanta da rediyon a hannu, ya gyara mata zaman ɗankwali ba tare da ya taɓa ta ba, da baki kawai. Sai da suka yi mako guda kafin aka wanke. Baƙi da fari ne. Ta ce a hoton nan har ƙwayar idon Baba ana gani. Shekara da shekaru yana ƙasan akwatinta, sai wata damina ɗakin ya yi yoyo, ruwa ya shiga, hoton ya manne da takarda, da aka ɓamɓaro fuskokin suka tafi.

Mai hoton ya ce, "Wane kaya kika sa ranar?"

Ta ce zanen saƙi ne baƙi, rinin shuni, wanda mahaifiyarta ta ba ta. Ya ce yana nan? Ta yi dariya ta ce ina zai je. Ta tashi da kanta ta buɗe akwatin ƙarfen nan da ba mai taɓa mata, ta zaro shi daga ƙarƙashin atamfofinta na da, irin na masaƙun Kaduna tun suna aiki. Yana ƙanshin kafur da turaren wuta. Ya ce, "Shi za ki ɗaura."

Daga nan ya juyo kaina, kuma abin da ya gaya mini shi ne ainihin shirin da ya kamata in yi tun farko. Zan kawo shi yadda na riƙe, ko wani zai amfana.

Ya ce in manta da sabon ɗinki. Sabon kaya yakan sa mutum ya zauna kamar baƙo a jikinsa, tsoho kuwa ya fi kowa jin haka. Leshi mai duwatsu yana kama haske ya watsa, ido ya tafi kan kayan ya bar fuskar. Na ce to farin hijabinta na salla fa? Ya ce fari fat kusa da baƙar fata yana ruɗa kyamara: takan auna hasken farin ta rage, sai fuska ta yi duhu, in kuma aka buɗe don fuska ta fito sai farin ya ƙone ya zama ba komai a cikinsa. Wanda ya iya zai iya sarrafa shi, amma me ya sa za a jawo wahala? Launi mai zurfi, shuɗi ko ruwan ƙasa ko kore mai duhu, ya fi yi wa fatarmu adalci. A nan ne ya ba ni wani labari da ya tsaya mini a rai. Ya ce shekaru da dama kamfanin Kodak na Amurka yana raba wa masu wankin hoto wani kati mai hoton Baturiya, ana ce masa katin Shirley, da shi ake daidaita launi a injin. Wato tun daga ma'auni, farar fata aka ɗauka ita ce daidai. Ya ce yau kyamarori sun ci gaba ƙwarai, amma mu da kanmu mun ɗauki katin mun sa a ka, shi ya sa mai hoto ke ƙara wa mutum haske ba tare da an roƙe shi ba.

Kwalliya kuwa ya ce a bar mata abin da ta saba, kwallinta da take sawa da kanta kullum. Ba hoda. Da yake hunturu ne, fata na bushewa leɓe na tsagewa, ya ce ta riƙa shafa man kaɗe da dare kwana uku kafin ranar, amma ranar kanta kaɗan za ta shafa, don kada goshi ya yi ƙyalli. Kitso a yi shi da kwana biyu, saboda sabon kitso yana jan fatar goshi, ga ciwon kai, mutum ya yi ta yamutsa fuska bai sani ba. Lalle ma haka, a ƙunsa da wuri ya kama ya yi duhu, don yana son hannayenta su fito. Na ce hannu kuma? Ya ce hannun da ya yi shekara hamsin yana tuƙa tuwo ai shi ma fuska ne. Ta yi barci sosai, ta ci abinci, ta yi sallarta a natse kafin a fara, kada a ɗauke ta tana lissafin lokaci.

Wuri kuma, nan tsakar gida. Na nuna masa gindin dogon yaron da ke ƙofar gida, ya ce a'a, hasken da ke ratsowa ta ganye yana yi wa fuska dabbare-dabbare. Ya zaɓi bakin ƙofar ɗakinta, inda inuwar katanga ke rufewa bayan la'asar amma sararin sama a buɗe yake. Na ɗan ji wani iri, don bangon duk ya goge, siminti ya ɓare a ƙasa. Sai ya nuna mini hotuna a wayarsa na wani mutumin Mali, Seydou Keïta, wanda ya buɗe wurin ɗaukar hoto a Bamako a 1948 ya rasu a 2001. A tsakar gidansa yake ɗauka, da hasken rana, ya rataya zane a baya, har da abin shimfiɗar gadonsa. Yau hotunan nan suna rataye a manyan gidajen adana kayan tarihi na Faransa da Amurka. Na ga matan Bamako da ɗaurinsu da zobbansu, baƙaƙe kamar yadda Allah Ya yi su, kowace ta zauna kamar ita ke da garin. Ban sake maganar bango ba.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ni na nema, don wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Na ce a rubuta abin da zai taɓa a kwamfuta da wanda ba zai taɓa ba. Ya ce ƙa'idarsa mai sauƙi ce: abin da zai ɓace da kansa cikin mako biyu, kamar ƙurji ko cizon sauro ko zare a kan riga, yana iya cirewa. Abin da yake nan bara kuma zai kai baɗi, ba ruwansa da shi. Muka rubuta a takarda: ba ƙarin haske, ba goge tamoji, ba taɓa bille. Muka ƙara da cewa ba zai sa hoton a shafinsa na talla ba, don da yawa ba su san masu hoto na yin haka ba sai sun ga uwarsu a Instagram. Zai wanke guda uku a takardar hoto ta gaske, ya kuma ba ni na asali a filash, domin WhatsApp yana matse hoto ya rage masa inganci, ranar da ka so wanke babba sai ka ga ya farfashe.

Ranar ta zo da hazo, irin na watan Janairu, rana ta zama kamar faranti a sama. Na damu, shi kuwa murna ya yi, ya ce hazon nan ya fi duk wata lema da ke situdiyo tausasa haske. Inna ta yi la'asar, ta ɗaura saƙinta, ta yi ɗaurin ɗankwalin da take yi tun muna yara, wanda ba ya ɗaukar ta minti ɗaya. Ta yafa gyale. Na kawo kujerar roba, ta ture ta ta jawo 'yar kujerarta ta katako ta tsugunno, wadda take zama a kai in tana girki. Aka kori yara zuwa zaure, aka ɗaure akuya. Ɗana kaɗai aka bari, aka ba shi wani farin faifai ya riƙe daga gefe yana mayar da haske kan kuncinta na hagu, ɓangaren billen.

Mai hoton ya ja da baya sosai, har na ce ko ya matso? Ya ce a'a, in ka kusanto da kyamara fuska sai hanci ya ƙara girma kunnuwa su ja baya, abin da wayoyinmu ke yi mana ke nan kullum. Da gilashi mai milimita 85 yake aiki, daga nesa, fuska ta fito yadda ido ke ganinta. Nisan ya kuma yi wa Inna daɗi, ba wanda ya tsaya mata a ka.

Bai ce ta yi murmushi ba ko sau ɗaya. Da farko ta ƙame, ta haɗe hannu a cinya kamar mai jiran likita. Sai ya ce, "Hajiya, wai da gaske ne da can mutanen Muciya ba sa buƙatar agogo?" Ta ce ƙwarai kuwa, jirgi ne agogonsu. Ta shiga ba shi labari: in jirgin Kano ya yi kuka ta san lokacin ɗora tukunya ya yi, in na Kaura Namoda ya shigo ta san Malam ya kusa dawowa, da baƙin mai har gwiwar hannu, sai ta ajiye masa ruwan zafi da toka. Ta ce har yau wani lokaci takan farka da asuba ta kasa kunne. Tana magana tana nuni da hannu, ta manta da shi, ta manta da ni. Ni dai ina jin ƙarar kyamara ƙyas, ƙyas, jefi-jefi. Da ta kai ƙarshen wani zance ta yi shiru, ta kalli wajen ƙofa, bakinta a rufe, amma duk fuskar tana murmushi. Na ji ƙyas. Ya sauke kyamara ya ce, "Alhamdu lillahi, mun samu." Bai kai minti arba'in ba, ko kiran magariba ba a yi ba.

Bayan mako guda ya kawo da kansa a cikin ambulan. Inna ta goge hannu a zane kafin ta karɓa. Ta nisanta shi, ta kusanto da shi. Baƙa ce kamar yadda take, tamojin goshinta uku suna nan, billen ya kwanta a kuncinta, hasken da jikanta ya riƙe ya bi ta cikinsa. Ta daɗe tana kallo. Abin da ta fara cewa shi ne, "Ashe na tsufa haka." Gabana ya faɗi. Sai ta ƙara da cewa, "Sak Innata. Har zaman."

Ta tashi ta shiga ɗaki, na ji ƙarar akwatin ƙarfe. Ta fito da katin Baba ta miƙa wa mai hoton da hannu biyu. Ta ce, "Ɗan nan, tunda ku kuna iya goge abu, ko za ka cire masa wannan tambarin daga ido?"

Ya karɓa ya duba ta wajen haske, ya daɗe. Ya ce, "Hajiya, zan iya cire tawadar. Amma abin da ke ƙarƙashinta ya riga ya tafi. Sai dai in kwafo idon dama in juya shi in liƙa a hagu, ko in sa kwamfuta ta ƙirƙiro wani. Zai yi kyau, wanda bai san shi ba ba zai gane ba. Amma ba idonsa ba ne."

Inna ta miƙa hannu ta karɓi abinta. Ta ce, "A'a, bar shi. Na hagun ya ɗan fi na daman ƙanƙanta, in ya yi dariya rufewa yake yi. Ba za ka sani ba."

Ta haɗa katin da sabon hoton ta naɗe a cikin saƙin, ta mayar akwati. Ɗaya yana albam a wurina, ɗaya wurin Yaya Babba, wanda ya karɓa bai ce komai ba ya sa a aljihun gaba. Jiya kuma da zan fita makaranta ta kira ni ta ce in gaya wa yaron nan ya ƙara wanke guda ɗaya, za ta aika wa Inna Ƙarama a Giwa. Na ce ko kewarta take yi? Ta ce ba kewa ba, so take ta gani da idonta cewa zanen yana nan, don shekara talatin ke nan tana yaɗawa a dangi wai ta sayar.